Yaron da ya daina cewa "Mama": abin da ya faru a gidan yayata

Na daɗe ina son rubuta wannan labarin na ɗan yayata mai lalurar otizim amma sai da na nemi izinin Yaya da mijinta tukunna, sun yarda bisa sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba, don haka yaron zan riƙa ce masa Auta kamar yadda ake kiransa a gida duk da yanzu an yi masa ƙanwa. Ni ƙanwar mahaifiyarsa ce, ina koyarwa a firamare a nan Kano, kuma kusan duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Auta lafiya lau aka haife shi, ya zauna a kan lokaci, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, yana shekara ɗaya da 'yan watanni yana cewa Mama yana cewa "uwa" wato ruwa, har bye-bye yana ɗaga wa babansa hannu in zai fita kasuwa. Toh wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu sai abin ya fara zamewa a hankali a hankali, ba wanda zai iya ce maka ga ranar da ya daina. Ka kira sunansa sau goma ba zai juyo ba, amma a buɗe ledar biskit a ɗaki na uku sai ka gan shi ya taho da gudu. In yana son ruwa ba zai nuna da yatsa ba, sai ya kamo hannun uwarsa ya ja ta har gaban randa ya ɗora hannun nata a kan murfin, ko fuskarta ba ya kallo. Wasansa murfin tukunya ne, ya kifa shi a siminti ya juya ya kwanta ya kafa masa ido, in ya tsaya ya sake juyawa, zai iya awa guda a haka. Marafan lemo kuwa jera su yake a layi tun daga bakin ƙofa har gindin famfo, wanda ya kuskura ya taɓa ɗaya ranar an shiga uku. Yana tafiya da sanɗa a kan yatsun ƙafa. In maƙwabta suka tada injin markaɗe ko aka kunna janareta sai ya toshe kunne yana ihu yana buga kansa da bango.

Abin da kowa ya fara cewa shi ne nauyin baki ne, ai maza haka suke, babansa ma sai da ya girma ya yi magana. Da ya kai shekara uku shiru sai maganar ta canja. Hajiya, kakarsa ta wajen uba, ta ce linzami ne, aka kira wanzami ya duba ƙarƙashin harshe ya ɗan tsaga, yaro ya kwana biyu ba ya iya cin abinci, magana ba ta zo ba. Daga nan sai aka koma shafar aljanu. Wata ta ce Yaya ta yi wanka da magariba tana da cikinsa, wata ta ce kambun baka ne don yaron kyakkyawa ne, wata maƙwabciya har cewa ta yi ɗan ruwa ne a gaban uwarsa, wallahi har yau in na tuna fuskar Yaya a ranar sai zuciyata ta yi nauyi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an shafa man zaitun da habbatussauda, an kai shi wajen masu magani har wajen gari, akuya biyu da ɗan kunnen gwal na Yaya duk sun tafi a wannan hanyar. Ni ba na faɗa da addu'a, har gobe babansa yana tofa masa Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta kuma yaron yana natsuwa da muryar. Abin da nake faɗa da shi shi ne wani da aka kai shi wajensa ya rufe shi da bargo ya turara masa hayaƙi mai yaji wai aljanin ya yi magana, yaron da ƙarar blanda ma take firgita shi. Bayan wannan ya yi wata guda ba ya yarda kowa ya rufa masa ko zani.

Akwai kuma wanda ya ce allurar rigakafi ce ta jawo, har mijin Yaya ya fara tunanin kada a yi wa ƙanwarsa. Wannan maganar tana da asali kuma ya kamata a sani. Wani likita ne a Ingila, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a mujallar Lancet a 1998 a kan yara 12 kacal yana danganta rigakafin ƙyanda da hangum da wannan lalura, daga baya aka gano akwai maguɗi a ciki, a 2010 mujallar ta janye rahoton aka kuma soke lasisinsa na aikin likita, binciken da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara bai samu wata alaƙa ba. Kawai dai shekarun da alamomin suke fitowa su ne shekarun da ake yawan kai yara rigakafi, sai iyaye su haɗa biyun. Mu a Kano da muka ga abin da ƙin rigakafin shan inna na 2003 ya jawo, muka kuma ga yadda mashaƙo ya kwashi yara a 2023, bai kamata a ce wannan jita-jitar ta sake cin mu ba. An yi wa ƙanwar tasa allurarta duka.

Abin da ya sa aka tafi asibiti a ƙarshe ɓata ya yi. Yana shekara huɗu da wata biyar, ranar wata Juma'a an bar ƙofar gida a buɗe almajiri ya fita da kwano, Auta ya bi bayansa ba wanda ya gani. Kusan awa biyu ana nema, ka tuna yaro ne da ko ka kira sunansa ba zai amsa ba, ba zai iya faɗin sunan babansa ba. Wani mai shago ne ya gan shi a bakin kududdufin bayan unguwa ya tsuguna yana kallon ruwa ƙafarsa ɗaya a ciki. Da yawan yaran nan ruwa yana jan su kuma ba su san haɗarinsa ba. A daren na ce wa mijin Yaya, "Yaya, don girman Allah a gwada asibiti ko sau ɗaya ne, in ba a ga komai ba ni zan biya kuɗin motar." Bai ce komai ba amma ranar Litinin ya ba da kuɗi.

A asibitin koyarwa aka fara da gwajin ji, don sai an tabbatar ba kurumta ba ce, kunnensa lafiya lau. Sai aka tura mu wajen likitan yara mai kula da ƙwaƙwalwa. Mu mun zaci za a ɗebi jini ko a saka shi a na'ura a ga ciwon, ashe babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da yake nuna wannan abin, tambayoyi ne da lura. Likitar ta fi minti arba'in tana tambayar Yaya, yana nuna abu da yatsa don ki gani? Yana kawo miki abin wasa ya nuna miki? Yana wasan kwaikwayo kamar ya ɗauki takalmi ya yi waya da shi? In kin nuna abu a nesa yana bin yatsanki da ido? Ta hura kumfar sabulu tana kallon ko zai juyo ya kalle ta don ta ƙara, bai juyo ba, kwalbar ya kama yana juya murfin. Ta ce mana akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT da ake yi wa yara tsakanin wata 16 zuwa 30, da an yi masa tun lokacin da an ɗago abin da wuri. Sannan ta faɗi sunan, otizim, wanda a rediyo za ka ji ana cewa galahanga, duk da mu Hausawa galahanga muna jibga wa lalurori daban-daban ne da ba iri ɗaya ba. Ta ce yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne da ake zuwa da shi, gado yana da hannu sosai a ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100, kuma an fi gano shi a maza. Sai ta kalli Yaya ta ce, "Maman Auta, ba wani abu kika yi ba, ba wani abu kika bari ba." Yaya ta fashe da kuka a wajen, shekara biyu da rabi ba wanda ya taɓa gaya mata haka.

Ta kuma faɗa mana gaskiyar da ba mu so ji ba, cewa babu ƙwaya ko allura da take warkar da shi. Akwai magunguna da ake bayarwa in yaro yana da farfaɗiya, wadda takan zo tare da lalurar a wasu yaran, ko in fushi da cutar da kai sun yi tsanani, amma su ma suna da nasu illolin kamar ƙiba kuma sai likita ya auna. Abin da yake aiki koyarwa ce, a koya masa hanyar faɗin abin da yake so, a koya masa kula da kansa, a rage masa abubuwan da suke azabtar da jinsa da ganinsa.

Nan ne muka ci karo da matsala ta biyu. Masu koyar da magana da masu gyaran motsi da ɗabi'un yau da kullum ba su da yawa a arewa, na asibitin gwamnati layi ne mai tsawo, na kuɗi kuma tsada. An samu wata cibiya mai zaman kanta aka fara kai shi sau biyu a sati, minti arba'in da biyar kowane zuwa, ga kuɗin zama ga kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, ga shi yaron ba ya jure cunkoso da hon, kafin a isa ya gama fita hayyacinsa. Katunan da ake koya masa da su hoton tuffa ne da jirgin ƙasa da wani mutum-mutumin ƙanƙara, da Turanci, har aka ce wa Yaya a daina yi masa Hausa a gida wai harshe biyu zai rikita shi. Gidan da Hajiya ko "come" ba ta sani ba! Daga baya likitar ta ce wannan shawarar ba ta da tushe, bincike bai nuna harshe biyu yana hana yaran nan magana ba, a yi masa harshen da ake so da shi ake faɗa da shi a gidan. Wata uku aka yi kuɗi ya ƙare aka daina zuwa.

Wadda ta juya al'amarin wata mai koyar da magana ce da muka samu daga baya, muna ganinta sau ɗaya a wata kawai. Ranar farko ta ce mana ita ba Auta za ta koyar ba, mu za ta koyar, don ita awa ɗaya take da shi a wata mu kuma muna da shi dare da rana. Ta ce a kawo mata duk wanda yake kwana a gidan. Irin wannan tsarin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don iyayen yara masu shekara 2 zuwa 9 da suke da jinkirin girma, zama tara na rukuni da ziyarar gida uku, an yi shi ne musamman don wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci, har akwai wanda ake bi ta intanet kyauta, ni na bi shi a waya ina fassara wa Yaya da daddare.

Abu na farko da ta sa mu yi ya ba mu mamaki, ta ce a daina ba shi abu kafin ya nema. Yaya saboda tausayi ta riga ta haddace shi, kafin ya motsa ta miƙo ruwa, kafin ya yi kuka ta miƙo biskit, toh me zai sa ya yi magana? Muka ɗauki hotunan kayan gidan da waya, kofinsa na roba shuɗi, buta, fo, ƙosai, Indomie, murfin tukunyar nan tasa, ƙofar gida, muka kai shagon masu wanke hoto aka fitar aka like su da leda. Tsarin musayar hoto ne da ake kira PECS wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1985, mu dai namu na gida muka yi. Mutum biyu ake buƙata da farko. Yaya ta zauna a gabansa da ƙosai a hannu ba ta ce komai ba, ni ina bayansa, da ya miƙa hannu zai warta sai na kama hannun nasa na ɗora a kan hoton na ɗaga na saka a tafin Yaya, ita kuma nan take ta ce "ƙosai!" ta ba shi ɗan gutsure. Ranar farko ihu ya yi ya watsar da katin ya ciji hannuna. Kwana tara muna yi safe da yamma. Ranar ta goma ina ɗaure ɗankwali ban ma kai ga zama ba sai muka ga ya sunkuya ya ɗauki katin da kansa ya taka ya saka a hannun uwarsa, ya ɗago ya kalle ta, kallo na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Yaya ta ba shi ƙosan gaba ɗaya ta shige ɗaki ta yi sujada.

Daga nan buga kai da bango ya fara raguwa, don yawancinsa ashe takaicin rashin hanyar faɗa ne. An koya mana a riƙa lura da abin da ya faru kafin ihun da abin da ya biyo baya, Yaya ta samu littafi ɗan 40 tana rubutawa, cikin sati biyu muka gano kusan rabin rikicinsa na yamma yana zuwa ne daidai lokacin da ake tada injin markaɗe. Aka sayo masa abin toshe kunne irin na masu aikin injin, aka kuma roƙi maƙwabciyar ta riƙa aiko yarinya ta sanar minti biyar kafin ta tada, ta yarda, ita ɗin dai da ta ce masa ɗan ruwa. Jadawalin ranarsa kuma da lokutan salla muka ɗaure shi tunda su ba sa canjawa kuma yana jin kiran, bayan asuba wanka, bayan azahar barci, bayan la'asar fita. Fo ya ɗauke mu wata bakwai. Aski har yanzu da almakashi ake yi a gida yana kallon fanka, ba ya yarda da kilifa. Abinci kuwa daga farar shinkafa da Indomie da biredi an samu ya ƙara wake da ayaba da tuwo in ba a zuba miya a kai ba, sai dai a gefe.

Wanda na fi so a lura da shi a labarin nan shi ne ita Yaya. Lokacin da aka gano lalurar ta rame, ba ta barci don shi ma ba ya yi sai ƙarfe biyu na dare, ta daina zuwa biki da suna saboda kallon da ake yi musu da masu cewa "ba ki iya tarbiyya ba, ki zane shi mana". Wata rana ta ce min ita da za ta kwanta ba ta tashi ba da ta huta. Ban ɗauki maganar da wasa ba, na gaya wa likitar, aka haɗa ta da ɓangaren masu kula da damuwa, ta sha magani na wasu watanni ta kuma samu wasu iyaye mata huɗu masu irin yaran suka buɗe guruf a WhatsApp. Duk dabarar da aka koya mana ba wadda za ta yi aiki a hannun uwar da ba ta yi barci ba, shi ya sa aka raba aikin. Ni ina ɗaukarsa ranar Asabar tun safe har la'asar. Babansa, wanda da farko kasuwa ya mayar mafaka yana fita da sassafe sai dare, aka ba shi aiki ɗaya tak, ya dawo ya zaga da shi unguwa a ƙafa bayan la'asar ko da sau uku a sati. A wannan zagayen ne ya gabatar da shi ga mai shago da mai wanki da masu adaidaita na bakin layi da mai unguwa, ya ce wannan ɗana ne, ba ya magana sosai, in kun gan shi shi kaɗai ku riƙe min shi ga lambata. An saka sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, ana kuma ɗinka lambar waya a cikin rigunansa. Yayarsa mai shekara goma sha ɗaya ita ma sai da muka farga an ɗora mata raino har ta daina zuwa wasa, yanzu an ware mata ranakun da ba ruwanta da shi.

Hajiya ce ta fi wuya. Ta daɗe tana cewa an kai mata jika wajen masu cewa ba ya warkewa, su waye su da za su yanke hukuncin Allah. Ba musu ne ya canja ta ba. Wata rana ta zo gidan tana zaune a tabarma da ƙullin ƙosai, Auta ya je ya ɗauko katinsa ya saka mata a cinya. Ta juya katin ta kalli Yaya ta ce, "Me yake nufi?" Aka ce ƙosai yake roƙonki. Ta ce, "Au, mai gidan nawa ashe kana da baki, a takarda ka ajiye shi?" Tun daga ranar ta sa aka yi mata nata katunan ta saka a jakar carbinta, har da hoton goro wai ko zai nema.

Yanzu Auta yana da shekara takwas. Yana da kalmomi da za su kai talatin da yake amfani da su da ma'ana, yana haɗa biyu kamar "ba ruwa" ko "Abba tafi", yana kuma maimaita dogayen maganganu da ya ji a rediyo da surori da yawa na Juz'u Amma da ƙira'a mai daɗi duk da in ka tambaye shi sunansa wani lokacin sai ya maimaita maka tambayar. Kalmar "Mama" ta dawo bakinsa yana shekara shida. Bai warke ba kuma mun daina jiran wannan kalmar. Har yanzu akwai ranakun da komai yake rushewa, musamman in aka yi baƙi ko aka canja hanya.

Inda muka maƙale shi ne makaranta. Makarantu masu zaman kansu uku sun mayar da shi, ɗaya bayan kwana huɗu, wai iyayen sauran yara sun yi ƙorafi. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, an kafa hukuma ta ƙasa a kanta a 2020, Jami'ar Bayero tana da sashen ilimi na musamman da yake yaye malamai, amma ni da nake cikin aji na san yadda yake, yara sun fi tamanin a gabana, ko na so ba zan iya ba yaro irin Auta abin da yake buƙata ba. Makarantar Tudun Maliki kuma an fi saninta da kurame da makafi. A yanzu wani malamin Islamiyya ne a layinsu ya karɓe shi awa ɗaya da safe kafin sauran yara su cika, yayarsa ko ni muna zama kusa da shi, sannan wata ɗaliba da ta karanci ilimi na musamman tana zuwa gida sau biyu a sati tana koya masa riƙe fensir da ƙirga. Wata mai zuwa za mu je mu ga shugabar wata firamare da ta ce a kawo shi ta gani, in za a samu wanda zai riƙa zama da shi a aji, Yaya ta riga ta fara ɗaukar hoton ƙofar makarantar da ajin da bayin don a yi masa katunansu kafin ranar.